Bitar SPAQ, maganin rigakafin zazzaɓin damina na yara: ƙwayar ta yi, rabon ne ke da sauran gyara

Da zarar damina ta kankama, wajen watan Yuni ko Yuli, za ka ga ma'aikata biyu-biyu suna bin gida-gida a ƙauyukan arewacin Najeriya da kudancin Nijar, ɗaya riƙe da jakar magani, ɗaya riƙe da takardar ƙidaya da alli. Abin da suke rabawa ɗan fakiti ne mai ƙwaya huɗu da ake kira SPAQ, wanda ake ba yara daga wata 3 zuwa wata 59 domin kada zazzaɓin cizon sauro ya kama su a watannin da ya fi kisa. A Najeriya ma'aikatan lafiya na kiran shirin SMC, a Nijar kuma CPS. Kyauta ake ba da shi.

Abu biyu ne za a duba a nan: ƙwayar kanta, da aikin kai ta bakin yaro. Ƙwayar ta yi, babu ja a kai. Aikin rabon kuwa yana da ƙarfi a rana ta farko, sai ya yi sanyi a rana ta biyu da ta uku, lokacin da ma'aikaci ya wuce aka bar uwa ita kaɗai da ƙwaya biyu a hannu. Mafi yawan abin da ke rage wa shirin amfani a waɗannan kwana biyun yake faruwa.

Abin da ke cikin fakitin

Ƙwaya ɗaya ta salfadoksin-firimetamin ce, wadda aka taƙaita SP, irin maganin da mutane suka daɗe da sani da sunan Fansidar. Sauran ukun amodiyakwin ne, wato AQ, masu launin ɗorawa. Rana ta farko yaro zai sha SP da AQ ɗaya a lokaci guda, rana ta biyu AQ ɗaya, rana ta uku AQ ɗaya. Bayan kwana 28 a sake sabon zagaye.

Fakitin iri biyu ne. Na jarirai, daga wata 3 zuwa ƙasa da wata 12, yana da SP mai miligiram 250 da 12.5, da AQ mai kimanin miligiram 75. Na 'yan wata 12 zuwa 59 ninki biyu ne: SP mai miligiram 500 da 25, da AQ mai kimanin miligiram 150. An bambanta launin fakitin biyu don kada a rikita, amma girmansu kusan ɗaya ne, kuma ma'aikacin da ya gaji da yamma yana iya miƙa wanda ba shi ba. Ya kamata uwa ta riƙe launin na ɗanta a ka tun zagayen farko.

Amodiyakwin yana share ƙwayar cutar da ta riga ta shiga jinin yaro, domin a damina yara da yawa suna ɗauke da ita alhali zazzaɓi bai fito ba tukuna. Daga nan hanta ta juya shi zuwa wani sinadari da ke daɗewa a jini. SP ma haka yake, ba ya saurin fita. Su biyun sukan tsare jinin yaro na kusan mako huɗu: sauro zai cije shi, cutar ta shiga, ta yi kwanakinta a hanta, amma idan ta fito cikin jini sai ta tarar da magani. Wannan ya sa SPAQ ya bambanta da allurar rigakafi. Ba ya koya wa jiki komai, kuma ranar da maganin ya ƙare a jini, ranar kariyar ta ƙare.

A shekarun farko ƙwayoyin masu tauri ne, sai an daka su an zuba sukari, kuma amodiyakwin ɗaci ne da shi na gaske, yara suka yi ta tofarwa. Na yanzu yana narkewa a ɗan ruwa cikin ƙanƙanin lokaci kuma an sa masa zaƙi. Wannan gyara ɗaya ya sauƙaƙa aikin ƙwarai. Kamfanin Guilin na ƙasar Sin ne ya daɗe yana samar da mafi yawansa da sunan SPAQ-CO, daga baya kamfanin S Kant na Indiya da Universal Corporation na Kenya suka sami amincewar Hukumar Lafiya ta Duniya. Saurin narkewar yana da nasa sharaɗi: idan aka ɓare ƙwayar daga ledarta aka ƙulle ta a gefen zane ko aka ajiye ta a kwano, danshin damina zai sa ta ruguje kafin gari ya waye. A bar ta cikin ledarta sai lokacin sha, a ajiye ta nesa da murhu da rana, kuma sama da inda hannun yara ke kaiwa, tunda yanzu tana da zaƙi.

Akwai wani rauni a tsarin awon da ba a cika faɗa wa iyaye ba. Da shekaru ake auna maganin, ba da nauyi ba. Abin da ake nema shi ne kimanin miligiram 10 na amodiyakwin ga kowane kilo na nauyin yaro a rana. Ɗan shekara ɗaya mai kilo 9 da ya sha miligiram 150 ya sami fiye da haka, ɗan shekara huɗu mai kilo 16 kuwa da kyar ya kai. Ke nan babban yaro ba shi da rarar da zai yi asara: rabin cokalin da ya zube a rigarsa ko ƙwaya ɗaya da aka tsallake ta fi yi masa illa. Da wannan lissafin kuma za a gane dalilin da ya sa ba wa ɗan shekara bakwai fakitin ƙaninsa ba taimako ba ne. Maganin bai kai awonsa ba, ba zai kare shi yadda ya kamata ba, kuma ƙarancin magani a jini shi ne ke koya wa ƙwayar cuta juriya.

Abin da bincike ya nuna

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar fara shirin a watan Maris na 2012, bayan gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashe irin su Sanagal, Mali, Burkina Faso da Gambiya sun nuna yana hana kusan kashi 75 cikin 100 na zazzaɓin cizon sauro a yara, mai sauƙi da mai tsanani. An keɓe shi ga yankunan da akasarin zazzaɓin shekara ke taruwa cikin wata huɗu, wato irin yanayin ƙasar Hausa sak. A 2013 ƙungiyar Malaria Consortium ta gwada shi a wasu ƙananan hukumomin Katsina, a shekarar kuma ƙungiyar likitoci ta Na Gari Na Kowa ta fara shi a wasu gundumomin Nijar, har da Magarya da Madawa. Daga 2015 aka faɗaɗa shi ƙarƙashin shirin ACCESS-SMC a ƙasashe bakwai, wanda a Najeriya ya shafi Sakkwato da Zamfara. Zuwa 2023 yara kimanin miliyan 53 ne suka sha shi a ƙasashe 18, fiye da rabinsu a Najeriya.

Alƙaluman da suka fito daga wancan shiri na ƙasashe bakwai su ne suka fi dacewa a duba, domin ba a ɗakin gwaji aka samo su ba, a ƙauyuka ne da ma'aikatan sa-kai. Yaron da ya sha maganin ya sami kariya ta kashi 88 cikin 100 a kwana 28 na farko. Daga kwana 29 zuwa 42 kariyar ta sauko zuwa kashi 61. Mutuwar yara a asibiti sanadin zazzaɓin ta ragu da kashi 42 a Burkina Faso da kashi 57 a Gambiya a watannin damina. Kuɗin ba yaro ɗaya zagaye huɗu, har da sufuri da horo da alawus, ya tsaya a kan dala 3.63 a 2016. Duk wanda ya taɓa biyan kuɗin ledar jini ɗaya da kwana uku a gadon asibiti ya san abin da wannan adadi ke nufi.

Amma ga ɗaya gefen. Tsakanin 2015 da 2016 raguwar masu zazzaɓin da aka tabbatar da gwaji a asibitoci ta kai kashi 55 a Gambiya, a Najeriya kuwa kusan kashi 25 ce kacal, mafi ƙanƙanta a cikin ƙasashen. Magani ɗaya, sauro iri ɗaya. Binciken ya kuma nuna cewa a ƙasashen gaba ɗaya, yaran da suka sami duka zagaye huɗu ba su wuce kashi 53 zuwa 55 ba. Tazarar da ke tsakanin 88 da 25 ba daga masana'anta ta fito ba. Wani ɓangare nata na rashin ingancin rajistar asibiti ne, wani kuma na yaran da aka tsallake, da zagayen da ya makara, da ƙwayoyin da ba a sha ba.

Rana ta farko

Kowane zagaye kwana huɗu ake yi ana rabo. Kafin a fara, mai shela zai zaga, a sanar a masallaci, a kai wa dagaci da mai unguwa labari. Inda aka yi wannan da kyau, aikin kan tafi salin-alin. Inda aka tsallake shi, ma'aikata za su tarar maigida ya tafi gona bai bar izini ba, matan gida kuma ba za su karɓi magani daga baƙo ba, kuma suna da gaskiya. Haka nan tawagar da babu mace a cikinta iyakarta zaure. Za a fito mata da yaran da aka ga dama, jaririn da ke barci a ɗaka kuwa babu wanda zai ƙidaya shi, kuma bayanin rana ta biyu da ta uku zai isa kunnen uwa ne ta bakin ɗan aike.

Ma'aikacin da ya san aikinsa ba ya fara da buɗe jaka. Tambaya yake fara yi: shekarun yaro nawa, jikinsa da zafi, yana shan wani magani, ya taɓa yin ƙuraje ko kumburi bayan shan magani? A karkara takardar haihuwa ba ta da yawa, don haka sai a nemi katin rigakafi, in babu a yi lissafi da salla ko azumi ko kaka. Ga wanda ake shakkar ya haura biyar, akwai tsohuwar dabara ta sa shi ya ɗora hannu ta saman kai ya taɓa kunnensa na ɗaya gefen. In ya taɓa cikin sauƙi, da wuya bai wuce ba. Kintace ne, amma ya fi a ɗauki maganar wanda ke son a ba duk yaran gidan.

Bayarwar kanta ba ta da wahala. A wanke hannu, a sa ƙwayar SP da ta AQ ɗaya a cokali ko ƙaramin kofi, a zuba ruwa mai tsabta ɗan kaɗan, daidai wanda zai rufe su, a jira su narke. A zaunar da yaro a cinya kansa a ɗage kaɗan, a ba shi a hankali, sannan a ɗauraye kofin da wani ɗan ruwa a sake ba shi, domin garin magani yakan kwanta a ƙasa. Kuskure biyu ne suka fi yawa. Na farko cika ruwa: yaro zai sha rabin kofi ya kawar da kai, rabin maganin ya tafi. Na biyu ɗura, a kwantar da yaro a toshe masa hanci, abin da ke jawo ƙwarewa da amai, kuma ya sa gobe in ya hango cokali ya ruga. Yaron da ya ɗan ci wani abu ko ya sha nono kafin nan ya fi riƙe maganin.

Idan ya amayar ko ya tofar da shi duka cikin minti 30, a bar shi ya huta kamar minti goma, a sake ba shi sabo sau ɗaya. Matsalar ita ce ma'aikatan suna da adadin yaran da aka ɗora musu a rana, ba sa iya zama rabin awa a kowane gida. Masu lura sukan gama layi su waiwayo su tambaya, ko su faɗa wa uwa gidan da za ta same su. Masu gaggawa kuwa sukan miƙa fakitin gaba ɗaya a ƙofa, su yi alama a takarda, su shafa alli a bango su wuce. A takarda an rubuta yaro ya sha. Wannan shi ne aibin da ya fi kowanne muni a aikin, kuma mai sa ido da iyakarsa duba allin bango ba zai taɓa gano shi ba.

Rana ta biyu da ta uku

A Magarya, an taɓa auna jinin ɗaruruwan yara don a ga yawan amodiyakwin da ya rage a jikinsu, aka kwatanta da na yaran da aka ba su duka kwana ukun a gaban ma'aikaci. Sakamakon da aka wallafa a 2020 ya nuna waɗanda suka sha maganin cikakke ba su kai kashi 20 cikin 100 ba. In kuwa tambayar iyaye aka yi da baki, akasari za su ce an ba yaro duka. Ba lalle ƙarya ce ta mugunta ba. Baƙo ya zo da takarda, ya yi maka alheri jiya, ya tambaye ka ko ka yi abin da ya ce. Kunya kaɗai ta isa ta sa a ce masa e.

Dalilan rashin bayarwar sanannu ne ga duk mai bin ƙauyuka. Yaro lafiyarsa ƙalau yana wasa, uwa ba ta ga abin da za ta yi wa magani ba, sai ta adana ƙwaya biyun don ranar da zai yi zazzaɓi. Ranar kuwa ba za su warkar da shi ba, sai dai su jinkirta kai shi asibiti. Wata za ta ga ɗan kishiyarta ko yayan yaron mai shekara shida bai samu ba, ta raba musu ɗaya-ɗaya don adalci, a ƙarshe babu wanda ya sami kariya cikakkiya. Wata yaron ya ɗan yi kasala ko amai a daren farko, kaka ta ce a dakatar. Wata kuma mantuwa ce kawai: lokacin noma ne, ga kai abinci gona, ga surfe, ga goyo. Akwai ma wadda ke haɗa biyun ta ba shi lokaci ɗaya a rana ta biyu don ta huta, wanda shi ne hanya mafi sauri ta jawo amai.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfin gyara, kuma gyaran ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Bayanin da ake yi wa uwa ne ya yi gajarta. "Ki ba shi ɗaya gobe, ɗaya jibi" umarni ne, bai faɗi dalili ba. Abin da ya kamata ta ji shi ne ƙwayar yau ta fara aikin, ta gobe da ta jibi su ne za su sa ya kai wata guda, kuma in an tsallake su kariyar za ta yanke tun ma'aikata ba su dawo ba. A ɗaura lokacin shan da wani abin da ba a mantawa, kamar bayan kokon safe. Sannan a ce ta ajiye ledar da ta zama fanko tare da katin yaron na karɓar maganin, za a nema.

Wasu jihohin Najeriya sun sa mata daga cikin unguwa, waɗanda ake ganin girmansu, su riƙa zagayawa a rana ta biyu da ta uku suna tunatarwa. A ganinmu wannan ya fi kowane ƙari da aka yi wa shirin ma'ana, domin mace ce da za ta shiga har ɗaka ta ce "Maman Sani, ina ledar?" ba tare da an ji nauyinta ba. Sai dai inda mace ɗaya aka ba ƙauyuka da yawa, ko alawus ɗinta ya maƙale, zagayen ya zama na suna. Ɗaya hanyar ita ce ma'aikata su dawo da kansu duka kwana ukun, wadda ta fi tabbas amma ta fi tsada nesa ba kusa ba. A yankin da zazzaɓin ya yi katutu, kamar Kebbi, inda binciken ƙasa na 2021 ya sami ƙwayar cutar a jinin kashi 49 cikin 100 na ƙananan yara alhali matsakaicin ƙasa kashi 22 ne, wannan tsadar ta cancanci a yi lissafinta da gaske.

Yaron da ba a ba shi

Ba a ba wanda bai kai wata 3 ba. Ba a ba wanda ke shan kotirimokzazol, wato Septrin, domin shi da SP dangi ɗaya ne, haɗa su na ƙara haɗarin illa. Ba a ba wanda ya sha SP ko amodiyakwin cikin kwana 28 da suka wuce, ko wanda ya taɓa yin borin jini da ɗayansu. Tambayar "yana shan Septrin?" sau da yawa ba ta kamo komai, domin uwa ba ta san sunan ruwan maganin da mai kemis ya ba ta na tari ko gudawa ba. Gara a ce ta ɗauko kwalbar a gani.

Mai zazzaɓi kuwa ba a ba shi a gida. Takardar turawa ake rubuta masa zuwa asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, a yi masa gwajin jini na yatsa. In babu cutar, kuma babu wani abin da ya hana, ma'aikacin asibitin ya ba shi SPAQ ɗinsa. In akwai, a yi masa magani da irin su Coartem, wanda babu amodiyakwin a ciki, sannan ya shiga zagaye na gaba. A lura da wannan sosai: akwai maganin zazzaɓi na atesunet da amodiyakwin a kemis, kuma ba shi ga yaron da ke kan SPAQ tara masa amodiyakwin ne a jiki.

A takarda tsarin ya yi kyau. A ƙasa, wannan shi ne rauni na biyu. Uwar da ta san in ta ce jikin ɗanta da zafi za a hana shi magani a tura ta tafiyar kilomita da yawa cikin taɓo, za ta ce lafiyarsa lau, ko ta ce haƙori ne. Wadda ta karɓi takardar kuma tana iya zuwa ta tarar babu abin gwaji ko babu magani. Ke nan yaron da ya fi kowa buƙatar kulawa a ranar shi ne ya tashi a tutar babu. Ƙaramar hukumar da za ta fara zagaye ba tare da ta cika asibitocinta da abin gwaji da maganin warkarwa ba, rabin aiki ta shirya. Nijar ta yi dabara mai kyau da ta haɗa rabon da awon damtsen yara don gano tamowa: zaren awo ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, a tura yaro nan take. Damina ce lokacin da rumbu ke ƙarewa, kuma yunwa da zazzaɓi yara ɗaya suke kamawa.

Illa

Abin da aka fi gani shi ne amai, ciwon ciki, gudawa, kasala ko ɗan ƙaiƙayi, kuma sukan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu. A 2015 da 2016, cikin miliyoyin yaran da suka sha a ƙasashe bakwai ɗin nan, rahoton illa mai tsanani 36 aka samu, 31 daga ciki na amai da gudawa ne. Mai yiwuwa wasu ba su kai ga rahoto ba, kamar yadda aka saba a karkara, amma ko an ninka adadin, ƙanƙani ne idan aka ajiye shi kusa da yawan yaran da zazzaɓin ke kashewa. Alamun da ba a jira da su: ƙuraje masu ruwa ko saɓar fata, gyambo a baki ko ido, kumburin fuska, idanu su yi ɗorawa, wuya ko harshe ya riƙa murɗewa, ko amai da ya ƙi tsayawa. A dakatar da maganin, a tafi asibiti da fakitin a hannu, kuma a rubuta a katin yaron kada a sake ba shi.

Kwana 28, da inda damina ta ƙare

Tunda kariya na sauka daga kashi 88 zuwa 61 da zarar an haura mako huɗu, jinkirin mako ɗaya a watan Agusta ba ƙaramin abu ba ne. Abin da ke jawo shi sananne ne: magani bai iso daga ma'ajiyar jiha ba, gada ta karye, ba a biya ma'aikata na zagayen baya ba, ko rashin tsaro ya hana shiga. Sai kuma yaran da ke motsi: wanda aka kai yaye gidan kaka a wani gari, 'ya'yan makiyaya a rugage, iyalan da suka tare a gona. Katin yaro ne maganin wannan, domin da shi za a karɓa a duk inda aka tarar da masu rabo. A riƙa haɗa shi cikin kayan yaro in zai yi tafiya.

A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sassauta ƙa'idar, ta bar wa ƙasashe su tsara yawan zagaye da shekarun yara daidai da yanayinsu, kuma jihohin da damina ta fi tsawo, irin su Bauchi da Filato da Nasarawa, suna yin zagaye biyar. Gyara ne mai kyau. Amma 'yan shekara biyar zuwa goma har yanzu suna waje a akasarin ƙasar Hausa, duk da cewa gwajin da aka yi a Sanagal ya nuna shirin na yi musu aiki. Muddin ba a sa su ba, rabon ƙwaya tsakanin wa da ƙani ba zai daina ba.

SPAQ ba ya hana cizo, don haka gidan sauro mai magani na nan a matsayinsa. Allurar rigakafin zazzaɓin ma ba kishiyarsa ba ce. A gwajin da aka yi a Burkina Faso da Mali, wanda aka wallafa a 2021, yaran da aka haɗa musu allurar RTS,S da SPAQ sun sami ragin zazzaɓi da kusan kashi 63, da ragin kwanciya asibiti mai tsanani da kusan kashi 70, idan aka kwatanta da waɗanda SPAQ kaɗai suka sha. Najeriya ta fara ba da wata allurar rigakafin zazzaɓin mai suna R21 a Kebbi da Bayelsa a watan Disamba na 2024, kuma ya kamata ma'aikatan can su riƙa faɗa ƙarara cewa wanda aka yi wa allura ma zai sha ƙwayarsa.

A garuruwan fadama da wuraren noman rani, sauro ba ya tafiya da ɗaukewar ruwan sama. Mako huɗu zuwa shida bayan zagayen ƙarshe, jinin yaro ya koma babu magani, iyaye kuma sun saba da wata huɗu na sauƙi har sun fara naɗe gidan sauro saboda an shiga kaka. Ma'aikatan zagayen ƙarshe su ne ya kamata su faɗi wannan a kowane gida: daga yau babu wani zagaye sai baɗi, a ci gaba da kwana cikin gidan sauro, kuma duk yaron da jikinsa ya yi zafi a kai shi gwaji cikin kwana ɗaya, kada a nemo ragowar AQ ko a sayo Fansidar a kemis.